Tiyata da mutum-mutumi: mu sayar da gona mu kai Baba Indiya?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka ne daga Kumo. Mahaifinmu yana da shekara 67, ya kusa wata takwas yana fama da wahalar fitsari. An yi masa gwajin jini na PSA aka ce ya hau sosai, aka ɗebi 'yar tsoka aka auna, sakamakon ya nuna kansa ce a furostet. Wani mai haɗa wa mutane tafiya asibitin waje ya ce mana a Indiya mutum-mutumi ne ke yin aikin, babu yanka, babu kuskure, kwana biyu a sallami mutum. Har bidiyo ya turo mana ta WhatsApp. Yanzu yayyena sun fara maganar sayar da gonarmu ta gado. Da gaske na'urar ce ke yin tiyatar da kanta? Ta fi hannun likita? Kuma yaushe irin wannan zai iso mana nan Gombe mu huta da fita waje?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan tsayuwar da kuka yi masa.

Ɗan'uwa, ku dakata da maganar gonar nan tukuna. A wasiƙarka ban ga inda aka ce ciwon yana nan cikin furostet ɗin ko ya riga ya fita ba, alhali a kan wannan komai ya rataya. Furostet ɗan ƙullutu ne kamar girman goro, yana ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya zagaye hanyar fitsari kamar zobe. Idan kansar tana cikinsa ba ta tsallaka ba, cire shi gaba ɗaya na iya zama waraka. Idan kuwa ta yaɗu zuwa ƙashin baya ko na ƙugu, inda ta fi son zuwa, to cire furostet ba zai kawar da ita ba, ko da hannu aka cire ko da na'ura. A wannan matakin magani shi ne rage sinadarin mazantaka da ke ciyar da ciwon, ta hanyar allura ko ƙaramin aiki a maraina, a haɗa da wasu magunguna, wani lokaci da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Da yawa daga cikin dattawan da ke zuwa mana sun riga sun kai wannan matakin kafin su iso asibiti. Hoton MRI da hoton ƙashi ne za su nuna inda Baba yake, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da kuɗin tikitin jirgi ba.

Yanzu ga na'urar. Sunan ne ya fara ruɗa mutane. Da an ce mutum-mutumi sai zuciya ta kawo wani abu mai kai da ƙafafu yana tsaye a kan majiyyaci yana yanke shawara. Abin da ke ɗakin tiyata ya sha bamban da haka. Kashi uku ne. Akwai wani keke mai hannuwa huɗu da ake turowa gefen gadon, hannu ɗaya na riƙe da kyamara, ukun na riƙe da almakashi da hantsaki da makamantansu. Akwai akwatin da ke ɗauke da fitila da kwamfutar hoto. Sannan akwai mazaunin likita, taku kaɗan daga gadon a cikin ɗaki ɗaya, inda yake zama ya cusa fuskarsa a madubin kallo, ya sa yatsunsa a wasu maɗauri, ƙafafunsa a kan feda. Duk motsin da ka gani a bidiyon nan, yatsun mutum ne suka yi shi, na'urar ta kwaikwaya. A na'urar da ake kira da Vinci, wadda ita ce ta fi yawa a duniya, da zarar likita ya ɗaga kansa daga madubin sai hannuwan su tsaya cak. Kuma a gefen majiyyacin akwai wani likitan da ya wanke hannu yana canza kayan aiki yana zuƙe jini, ga nas, ga likitan sa barci.

Maganar babu yanka ma ba haka take ba. Ana huda ciki wuri biyar ko shida, kowace kafa kusan santimita ɗaya, a ƙarshe a ɗan faɗaɗa ɗaya don a fito da furostet ɗin. Ana hura cikin da iskar kabon don a sami sararin aiki, a karkata gadon kai ya yi ƙasa sosai don hanji ya gangara ya ba da wuri, mutum ya zauna a haka na sa'o'i. Ga dattijo mai ciwon zuciya, ko na huhu, ko ciwon ido na gilakoma, wannan kwanciyar kaɗai abin dubawa ce kafin a ce ya dace da aikin.

Don ka gane amfaninta, sai ka san wahalar da ta zo warwarewa. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara yawaita tiyatar huji, wato laparoskofi, inda ake zura kyamara da dogayen ƙarafa ta ƙananan kafofi maimakon a buɗe ciki. Majiyyaci ya ji daɗinta: ciwo kaɗan, tabo kaɗan, tashi da wuri. Likita ne ya sha wuya. Ka ɗauka an ba ka sanda mai allura a baki, aka ce ka zura ta ta hujin ƙyaure ka ɗinke hula a cikin ɗaki kana kallon talabijin. Ka tura hannunka dama, bakin sandar ya yi hagu, kuma sandar ba ta lanƙwasa. Haka laparoskofi yake, ana ƙwarewa a kansa amma da gumi. Abin da mutum-mutumi ya ƙara shi ne ya sa wa bakin sandar wuyan hannu, yana juyawa yana lanƙwasa har fiye da namu. Ya mayar da hoto mai zurfi kamar yadda ido biyu ke gani, ya girmama shi har kusan ninki goma. Yana tace rawar hannu, kuma ana iya saita shi yadda idan likita ya motsa yatsa santimita uku, ƙarfen ya motsa ɗaya kawai.

A aikin furostet wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa a nan ne na'urar ta fi samun karɓuwa. Ƙugun namiji ta ciki kamar mazurari yake, yana tsukewa ƙasa, furostet kuma yana can gindi a bayan ƙashi. A gefensa akwai jijiyoyi sirara kamar zare waɗanda ƙarfin namiji ya dogara da su, a ƙarƙashinsa akwai tsokar da ke riƙe fitsari. Bayan an cire shi dole a ɗinke mafitsara da hanyar fitsari su haɗu ba yoyo, a wurin da hannu biyu ba sa shiga da daɗi. Duk likitan da ya taɓa sunkuyawa a kan wannan ramin na awa uku ya san darajar ƙarfe mai lanƙwasa da hoto mai haske. Ni ina ganin ƙirƙira ce mai kyau ƙwarai, kuma ina fatan in ga ranar da yaranmu za su koye ta a gida.

Akwai abin da ta rage mana kuma. Yatsan likita ido ne na biyu. Da taɓawa muke gane tsoka mai tauri da ake zargi, da taɓawa muke sanin zare ya ɗauru ko zai tsinke. Shekaru sama da ashirin masu aiki da da Vinci ba sa jin komai a hannunsu, da ido suke kimanta ƙarfin jan da suke yi. Sai a samfurin da ya fito a 2024, da Vinci 5, aka fara sa abin da ke mayar wa likita jin nauyin abin da ya taɓa.

To ta fi hannun likita? An gwada, kuma sakamakon ya fi tallan sanyi. A birnin Birisben na Ostareliya an raba maza masu kansar furostet gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka buɗe su, wasu aka yi musu da na'ura, aka wallafa sakamakon farko a 2016. Waɗanda aka yi wa da na'ura sun fi ƙarancin zubar jini, sun fi saurin barin asibiti, ciwon kwanakin farko ya fi musu sauƙi. Amma a riƙe fitsari da ƙarfin namiji, abubuwa biyun da suka fi damun maza, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2017 wani babban gwaji mai suna ROLARR kan kansar ƙarshen hanji ya kwatanta na'ura da laparoskofi na hannu, bai iya nuna cewa na'urar ta rage yawan komawa buɗe ciki a tsakiyar aiki ba. Wanda ya fi girgiza likitoci shi ne na 2018 mai suna LACC, kan kansar bakin mahaifa a matakin farko. Matan da aka yi wa aikin ta huji, mafi yawansu da laparoskofi, kaɗan da mutum-mutumi, ciwon ya fi dawo musu kuma sun fi mutuwa a kan waɗanda aka buɗe. Bayan wannan sakamakon manyan asibitocin duniya suka koma buɗe ciki a irin wannan aikin. Ina yawan tuna wa ɗalibai wannan, domin kafin a yi gwajin kusan kowa ya ɗauka ƙaramin tabo na nufin kyakkyawan sakamako.

Akwai wani bincike da nake so ka riƙe fiye da sauran. A 2007 aka wallafa nazarin dubban maza da aka cire wa furostet ta buɗe ciki a manyan asibitocin Amurka. Waɗanda likitansu ya taɓa yin aikin sau 10 kacal, kusan kashi 18 cikin 100 ciwon ya nuna alamar dawowa cikin shekara biyar. Waɗanda likitansu ya yi sau 250, kusan kashi 11 ne. Ciwo ɗaya, wuƙa ɗaya, hannu ne ya bambanta. Na'ura ba ta soke wannan ba, ita ma sai an daɗe a kanta ake gwanancewa. Keken ɗinki na zamani a hannun ɗan koyo ba zai fitar da babbar rigar da tsohon tela zai fitar da keken ƙafa ba. Saboda haka wanda ya ce maka babu kuskure, ko bai sani ba ne, ko kuma yana da kaso a kuɗin tafiyar. Ana samun zubar jini, ana huda hanji bisa kuskure, na'urar kan tsaya a tsakiyar aiki a koma buɗe ciki. Kuma galibi alhakin abin da ya faru yana wuyan likita da asibitinsa, ba a kai ƙarar ƙarfe.

Ko da hoto ya nuna ciwon Baba bai fita ba, tiyata ɗaya ce daga cikin hanyoyi uku. Akwai gashi, akwai kuma sa ido da gwaji a kai a kai idan nau'in mai tafiyar hawainiya ne. A Birtaniya an bi maza 1,643 da aka gano musu ciwon da wuri har shekara 15, aka raba su tsakanin hanyoyin nan uku, kuma a kowane rukuni kusan kashi 3 cikin 100 ne kansar ta kashe, ko da yake ta fi yaɗuwa a jikin waɗanda aka sa wa ido kawai. Ba zan ɗora wannan kai tsaye a kan Baba ba, domin yawancin mutanen can gwajin jini ne ya tono ciwon tun ba su ji komai ba, kuma ciwon ya fi yawa ya fi zafi a jikin baƙar fata. Abin da ke cikin takardar gwajin tsokar nan, musamman makin da ake kira Gilisin, shi zai nuna ko nau'in mai gaggawa ne.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda ni ma ta daɗe tana cina: yaushe za ta iso Gombe?

Tafiyar ta faro da nisa. A 1985 aka fara amfani da hannun inji na masana'anta mai suna PUMA a Kalifoniya don saita allura cikin ƙwaƙwalwa. A 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da da Vinci. Ta iso Afirka ta Kudu a 2013, a wani asibitin mafitsara mai zaman kansa a Firitoriya, sai bayan shekaru asibitocin gwamnati biyu na Kef Tawun, Tygerberg da Groote Schuur, suka samu. A Najeriya kuwa, a 2025 aka fara cire furostet da ita a wani asibiti mai zaman kansa a Legas. Ka ga ke nan ko da ta tabbata aikin na'ura ne ya dace da Baba, Indiya ba ita kaɗai ce ƙofa ba yanzu.

Abin da ya riƙe ta shi ne kuɗi, kuma kuɗin sayen ne ma mafi sauƙin magana. Sabuwar da Vinci tana kaiwa dala miliyan biyu ko fiye. Bayan haka akwai kwangilar kula da ita, wadda ke haura dala 100,000 duk shekara. Sannan almakashi da hantsakin da ake ɗaura mata suna da ƙidaya a jikinsu, yawanci bayan aiki goma ko goma sha wani abu na'urar ta ƙi karɓarsu, sai an sayo sababbi, da dala. Mu yi lissafi da kuɗin kulawar kaɗai. Asibitin da ya yi aiki 50 a shekara, kowane majiyyaci ya ɗauki dala 2,000 kafin a taɓa shi. Wanda ya yi 400, dala 250 ne. Na'ura ce da ba ta son zama. In ta zauna tana cin kuɗi, hannun likitan ma yana yin sanyi. Duk wanda ya taso a ƙasar noma irin tamu ya ga tarakta sabuwa fil da aka kawo da biki, bayan damina biyu tana ajiye kaji na ƙwai a ƙarƙashinta saboda wani ɗan ƙarfe da babu shi a ƙasar. Asibitocinmu cike suke da injuna masu irin wannan tarihin, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na wuce su a lulluɓe da zani.

Sai wuta. Na taɓa kasancewa a tsakiyar aiki a wani asibiti, ciki a buɗe, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi nan take, muka ƙarasa ɗaure jijiyar da ke zubar da jini da fitilar waya. Mun iya ne saboda hannunmu na ciki. Batirin da ke jikin na'ura na 'yan mintuna ne, don a samu a zare ƙarafan lafiya, ba don a ci gaba da aiki ba. Tana buƙatar wuta tsayayya wadda ba ta hawa da sauka, da sanyin ɗaki, da kariya daga ƙurar hunturu, da ruwa mai tsabta da injunan wanke kayanta da turara su, domin ƙarafan nan masu gaɓoɓi da ƙananan wayoyi ba a wanke su kamar wuƙa da almakashi na yau da kullum. Tana buƙatar injiniya da zai iso a yini ɗaya, ba wanda za a jira ya sami biza ba.

Akwai kuma tambayar da dole mai gaskiya ya yi: a cikin abin da ke kashe majiyyatanmu, nawa ne na'ura za ta hana? A 2018 aka wallafa wani bincike da ya bi majiyyata sama da 11,000 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka sau biyu. Kuma mafi yawan mutuwar ba a kan gadon tiyata ta faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin jinya, inda nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa cikin dare, babu na'urar auna numfashi, babu jini a ajiye, babu gado a sashen kulawa ta musamman. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da za su iya biya, ya kuma sa ma'auni: mutum ya iya isa cikin awa biyu inda za a yi wa mai naƙuda aiki a ciro jariri, a buɗe cikin da hanji ya fashe, a gyara karayar da ƙashi ya fito. Ka auna wannan da matar da naƙuda ta tsaya mata a wani ƙauyen Dukku ko Nafada ko tsaunukan Balanga cikin watan Agusta. Idan aka ba ni dala miliyan biyu yau aka ce in zaɓa wa jihar nan, zan fara da iskar oksijin, da ma'ajiyar jini, da sola a ɗakunan tiyata na Bajoga da Kaltungo da Kumo, da horar da masu sa barci. Da wannan kuɗin za a ceci rayuka da yawa fiye da abin da na'ura ɗaya za ta taɓa.

Wannan ba ya nufin mu juya mata baya. Zuwa za ta yi, kuma abubuwa biyu na sa ta matso. Na farko, kamfanin Intuitive mai ƙera da Vinci, wanda ya yi kusan shekara ashirin shi kaɗai a kasuwa ya sami abokan gasa tun da takardun mallakar fasaharsa na farko suka fara ƙarewa. Akwai Versius daga Ingila, mai hannuwa daban-daban da ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Akwai Hugo na kamfanin Medtronic, akwai Toumai daga Sin, akwai SSi Mantra da aka ƙera a Indiya da niyyar sauƙaƙa farashi. Na biyu shi ne aiki daga nesa. Tun ranar 7 ga Satumba 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana zaune a Niyok ya cire wa wata mata matsarmama a Sitarasbog ta Faransa, ta layin sadarwa da aka keɓe wa aikin shi kaɗai, jinkirin da ke tsakanin motsin hannunsa da ganinsa a allo bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. A 2025 Dokta Vipul Patel yana Fulorida ya cire wa wani mutum furostet a Luwanda ta Angola. Amma a duka biyun akwai cikakkiyar tawagar likitoci tsaye a kan majiyyacin, a shirye su karɓi aikin in layi ya yanke. Inda na fi ganin amfanin wannan gare mu shi ne koyarwa: gwani yana Legas ko Landan yana kallon abin da matashin likita ke yi a Gombe, yana nuna masa a allo, yana karɓa in ta kama.

Na'urar da za ta yi aiki da kanta kuwa tana ɗakin gwaji har yanzu. A 2022 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka nuna wata mai suna STAR ta ɗinke hanjin aladu da ɗan taimakon mutum. Ci gaba ne na gaske. Sai dai ɗinki ɗaya ne daga cikin matakai masu yawa, kuma mafi wuyar tiyata shi ne sanin abin yi sa'ad da ka tarar da abin da ba ka zata ba, da sanin ranar da bai kamata a yi aikin ba sam.

In da za a tambaye ni yadda za a shigo da ita yankinmu, zan ce a duba taswira. Gombe ce ke iyaka da duk sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas: Bauchi, Yobe, Borno, Adamawa da Taraba. Cibiya ɗaya a nan, a Asibitin Koyarwa na Tarayya, wadda likitocin Bauchi da Azare da Yola da Maiduguri da Damaturu da Jalingo za su riƙa turo majiyyata suna zuwa yin aiki, za ta tara yawan aikin da zai sauke farashi ya kuma riƙe hannun likitoci da ɗumi. Ya fi a ce kowace jiha ta sayi tata don a yanke kyalle a ɗauki hoto. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin da ke gabanmu yanzu shi ne laparoskofi ya zama abin yau da kullum, a cire afendis da matsarmama da shi, a gyara ƙaba, a yi aikin mata, har nas da masu sa barci da masu wanke kaya su saba da iskar kabon da kyamara. Tawagar da ta saba da wannan, hawa na'ura zai zo mata da sauƙi. A tura matasan likitoci su yi shekara a inda ake aikin kullum, da yarjejeniyar dawowa da albashin da zai sa su zauna, domin wanda ya iya wannan aikin ƙasashe da yawa na zawarcinsa. A jawo ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, masu karanta haɗin inji da lantarki, a koya musu gyaran kayan asibiti tun yanzu. A rubuta kuɗin kulawa da na kayan aiki na shekara biyar cikin kwangilar saye tun ranar farko. Sannan a zauna da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da GoHealth ta jiha a tsayar da wane aiki za su biya, in ba haka ba na'urar da aka saya da kuɗin jama'a za ta zama ta masu hali kaɗai. A kuma riƙa rubuta sakamakon kowane majiyyaci, mai kyau da marar kyau, inda wasu likitocin za su iya dubawa.

Mu dawo kan Baba. Ku tattara takardar PSA da ta gwajin tsoka ku koma wurin likitan mafitsara a Gombe ko Bauchi, ku nemi a yi hoton da zai nuna matakin ciwon, ku kuma tafi da Baba a yi maganar a gabansa, domin shi zai zauna da abin da zai biyo baya, kuma akwai tambayoyin da dattijo ba zai yi a gaban 'ya'yansa ba sai an ba shi wuri shi da likita. Idan aka ce tiyata ce, ko a ina za a yi, ku tambayi likitan da zai yi aikin da bakinsa, ba ɗan aike ba: sau nawa ya yi irinsa, nawa yake yi a shekara, cikin majiyyatansa nawa ne ke riƙe fitsari bayan shekara guda, me zai yi in na'urar ta tsaya, kuma kuɗin da aka faɗa ya haɗa da jinyar matsala in ta taso. Ku sani cewa ko an sallame shi a kwana biyu, zai fita da robar fitsari ta mako ɗaya zuwa biyu, zai iya yin watanni yana ɗigar fitsari kafin tsokar ta yi ƙarfi, kuma za a ci gaba da auna PSA shekara da shekaru. Saboda haka tun kafin ku tashi ku san wane likita ne a gida zai karɓe shi in kun dawo.

Kai da yayyenka maza kuma, tunda mahaifinku ya samu, haɗarinku ya fi na sauran mutane. Duk wanda ya kai shekara 45 a cikinku ya je a auna masa PSA, kada ya jira sai fitsari ya fara yi masa gardama.